Littafin da Ya Ci Irin Gyaɗa

Yau kwana goma sha bakwai rabonmu da ruwa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa har mu kwashe shanya mu jera bokitai a bakin indararo, sannan ya bi ta kanmu ya je ya zuba wa wasu. Geron bayan gidanmu ya nannaɗe ganye. Maigidan ya daina zuwa dubawa, wai ganin ma ciwo ne. Jiya da hantsi ina zaune a inuwar ɗaki na ga autata Zainab kwance a tabarma, waya a ƙirji, igiya a kunne, tana ta murmushi ita kaɗai. Na ce me ake ba ki? Ta ce littafi ake karanta mata. Wai yanzu wata ce can a birni take karantawa, kowa ya toshe kunnensa ya ji abinsa, ko na kusa da shi bai san me ake ciki ba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Amma sai na kasa ƙarasa tsintar da ke gabana, domin bushewar geron nan da zancen karatun nan sun haɗu sun mayar da ni wata damina, shekara talatin da wani abu baya, lokacin da ni ce wayar unguwarmu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Makoda, inda gona take manne da gona, ba ka sanin ka fita daga ta wani ka shiga ta wani sai ka ga layin gamba. Mu biyar ne a gidan. Akwai Baba, akwai ƙanwarsa Goggo Tabawa wadda ta riƙe mu tun rasuwar Innarmu, akwai Yaya Sani da matarsa Rabi, sai ni Dije. A lokacin ban fi shekara goma sha shida ba. Rabi tana da cikin fari wata biyar, ga ta da dariya ga tsokana. Ita ta sa mini suna Malama, saboda na yi aji biyu na sakandare a Bici, a gidan kawuna, kafin abin ya gagara a dawo da ni gida.

Ban dawo da takardar shaida ba, amma na dawo da buhun littattafai. Matar kawuna ce ta gama da su za ta ba mai ƙosai ta riƙa naɗi, na roƙa ta bar mini. Wasu babu bango, wasu ɓera ya ci gefensu. Akwai na soyayya, akwai na kisan da ake neman wanda ya yi, akwai na jaruman da ke ratsa daji su kwana a kan bishiya. Ni dai ba na zaɓe. Bayan rumbu nake laɓewa in yi ta karatu har a kira sunana sau uku ban ji ba. Goggo tana kiransu ƙaryar 'yan birni, kuma ta sha rantsuwa wata rana da su za ta hura wuta.

Kakar da ta gabaci daminar nan ba ta yi auki ba, tun bazara ba ta raba ba hannu ya fara taɓa gindin rumbu. Bazarar kuwa ta yi zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ruwan randa da kansa yana ɗumi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin danga, ko ka kore su ba sa motsi. Sai ga ruwan farko ya sauko da wuri, mai yawa, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari gari duka ya fita shuka. Baba da Yaya suna gaba da sungumi suna sara, ni ina binsu ina zuba gero ina takewa, ƙafata har idon sawu cikin danshi. Gero ya fito gwanin sha'awa, ya kai tsawon yatsa. Daga nan sama ta ɗauke. Kwana ashirin babu ko ɗigo. Muna ji muna gani ya koma ja, ya koma fari, iska ta kwashe shi.

Aka sake samun ruwa, aka sake shuka da geron da ya kamata mu ci. Shi ma rabi ya fito, rabi ya ƙone. Fura ce ta fara ɓacewa daga gidan. Sai kokon safe ya tsinke har kana hango gindin kwano. Sai abincin rana ya tafi, aka bar tuwo sau ɗaya bayan magariba, shi ma rabinsa dusa. Da sassafe ni da Goggo mu ɗauki ƙwarya mu bi gefen hanya muna tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, babu ƙuli babu mai. Tafasa tana cika ciki amma ba ta zama, kafin azahar ka ji kamar ba ka sa komai a baki ba. In ka miƙe da sauri sai ka dafa bango, ido ya yi duhu. Bakina kullum da ɗaci. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun turmi. Garin da tun asuba ake jin daka gida-gida, sai a wuni ba a ji taɓarya ta faɗa ba.

Abu ɗaya ya rage a gidan da ba a taɓa ba, buhu ɗaya da rabi na irin gyaɗa, rataye a ɗakin Baba. Gyaɗa ce 'yar ƙarama ja, mai nuna da wuri, wadda ya gada daga mahaifinsa. Duk kaka shi da kansa yake zaɓen iri. Zai zauna a gaban tsibin gyaɗa ya riƙa ɗauka yana kaɗawa a kunne, wadda ta yi masa ƙarar da yake so ya jefa a buhu, wadda ba ta yi ba ya mayar. Ya zuba toka da ganyen darbejiya, ya ɗinke, ya rataye. Ba a ɓare ta sai shuka ta matso, don in ta daɗe a ɓare ba ta fitowa da kyau. Mutanen gari har roƙonsa suke ya je ya zaɓar musu nasu, shi kuwa yana ji da kunnen nan nasa ba kaɗan ba.

Da ruwa ya fara alamar zama, aka yi uku a jere, Baba ya sauko da buhunan ya ajiye a tsakar gida. Ya tara mu duka, abin da bai saba yi ba.

"Kun ga dai gero ya tafi," in ji shi. "Wannan ita ce ta rage. In ta cika babbar gona, ni da Sani za mu tsaya a kanta, mu ci ganye mu kai kaka, a canzo mana hatsi da ita. In ba ta cika ba, ni kaɗai na ishi abin da aka shuka. Sani sai ya tafi Kudu ya nemo mana abin da za mu ci."

Yaya Sani bai taɓa wuce Kano ba. Ya yi dariya ya ce, "Za ta cika, Baba. Kwano goma sha biyar take so, kuma ko bara haka ta ba mu."

Rabi ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Baba ya dubi Goggo ya ce, "Tabawa, ga amana nan." Suka saɓi fartanya suka tafi ceton ɗan geron da ya rage.

Ɓarar iri a gidanmu tana da doka tun zamanin kakarmu. Ba a yin ta shiru. Mata za su zauna su kewaye tsibin, ana waƙa ana amshi, in waƙa ta ƙare a shiga hira, in hira ta mutu a tayar da tsokana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa ya sani, wadda take waƙa ba za ta iya tauna ba. Goggo ce mai gadi. Da ta ji muryar wata ta ɗauke sai ta ce, "Wance, ban ji ki ba," a fashe da dariya, waccan ta wage baki ta nuna harshe. A shekarun ƙoshi abin wasa ne. A shekarar nan kuwa duk mun san abin da ke rataye a kansa.

Ranar farko mu uku muka zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Goggo ta ɗauko waƙa, muka amsa sau biyu, numfashi ya ƙare. Ta sake ɗauko wata, muryar Rabi ta riƙa rawa. Ga ƙamshin gyaɗa yana dukan hanci, ga ta tana zubewa a faifai jajir, mu kuwa tun jiya da magariba rabonmu da abin kirki. Yawu ya yi ta taruwa a bakina ina haɗiyewa.

Can Rabi ta ce, "Goggo, don Allah ki bar Malama ta karanta mana ƙaryar 'yan birnin nan. Ko ma manta da cikinmu."

"A kan iri? Allah ya kiyaye."

"Ai baki ake so ya yi motsi, Goggo. Ga baki nan, ya fi rediyo."

Goggo ta ja tsaki. Ta ce shafi biyu kawai, kuma in ta ji batsa a murhu zai kwana. Na ruga bayan rumbu kamar an yi mini albishir da Makka. Babu wadda ta tsaya ta lura cewa dokar kakarmu duk bakunan da ke wurin take so ta ji, mu kuwa mun sallame ta da baki ɗaya.

Littafin da na ɗauko mai kashi uku ne, bangonsa ya yage, har yau ban san sunansa ba. Labarin wani direban babbar mota ne da aka tsinci gawar maigidansa a cikin motar, makulli kuma a aljihun direban. Aka kama shi, ya kuɓuce a hanyar kurkuku ya faɗa daji. Budurwarsa mai ɗinki ce. Ita kaɗai ta yarda ba shi ya yi ba, domin ta tsinci wani maɓalli a ƙarƙashin kujerar motar, da ɗan zaren da ta tabbata ba na rigarsa ba ne. Sai ta shiga bin teloli ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ya ɗinka rigar, shi kuma yana can yana gudun 'yan sanda da maciji da yunwa.

Shafi biyu suka ƙare, na yi shiru na dubi Goggo.

"To me kike kallona?" in ji ta. "Ki bar yaron mutane a daji? Wuce gaba."

Gidajen unguwarmu duk dangi ne, akwai kafa a jikin danga da mata ke bi gida zuwa gida ba sai sun fita waje ba. Muryata ta bi ta kafar nan. Washegari mata biyu suka shigo, wai sun zo taya ɓara. Rana ta uku mun haura goma. Goggo har murna take, ta ce hannu ya yi yawa aiki zai yi sauri. Aikin bai yi sauri ba. Da labari ya ɗau zafi sai hannuwa su tsaya cak, sai an wuce wurin a ci gaba.

Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da aka dawo da ita daga makaranta, wadda ake ce wa ba ta iya tuƙin tuwo ba, yau ga matan da suka haife ni sun zuba mini ido, ko tari babu mai yi. Na koyi sauya murya, ta direba daban, ta ɗan sanda daban. Na koyi tsayawa daidai inda rai ya rataya in ce zan sha ruwa, don kawai in ji ana cewa, "Haba Dije, don girman Allah." Suna ta musu kan wanda ya yi kisan. Goggo ta kafe kan ƙanin mamacin ne.

"Ni tun da aka ce ya fi kowa kuka a wurin zaman makoki na san shi ne," in ji ta.

Rabi ba ruwanta da mai kisa. Ita tambayarta ɗaya ce kullum: "Malama, ke da kika karanta, zai dawo?" In ce ban faɗa. Ta jefe ni da ɓawo.

A rana ta ukun nan ne na gani. Na zo juya shafi, takardun suka manne, na ɗaga kai ina lasar yatsa. Duk idanu suna kaina, kuma duk muƙamuƙai suna motsi a hankali. Babu wadda ta dubi 'yar'uwarta. Hannu ya ɓare, ɗaya ta tafi faifai, ɗaya ta tafi baki, kamar ba da saninsu ba. Wata na ga tana tura hannu ƙarƙashin mayafi, na san yara ta bari a gida. Na nemi Goggo da ido don ta yi maganar nan tata. Goggo, mai gadi, da 'yan haƙoranta huɗu, tana ta mamular tata a gefen kunci, idonta ya cika da hawaye saboda direba ya faɗa rami.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In rufe littafi, in ce kaina yana ciwo, shi ke nan. Da shiru ya sauka, da kunya ta kama kowa, da Goggo ta farka. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma na dubi fuskokin nan da suka yi makonni a yamutse, yau sun saki. Na dubi Rabi da cikinta. Kuma gaskiyar da ta fi waɗannan, ban so a daina saurarena. Na ce a raina ai 'yar kaɗan ce, buhu da rabi ba ya ƙarewa da ɗanɗano. Na mayar da kai na ci gaba da karatu. Da aka tashi wata ta damƙa mini cikin tafin hannu, ta ce ladan makogwaro. Na je bayan rumbu na cinye. Ban taɓa cin abu mai daɗinta ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Rana ta biyar gyaɗa ta ƙare, daidai da ƙarshen kashi na biyu. Mai ɗinki ta gano telan, direba kuma 'yan sanda sun rutsa shi a bakin kogi. Mata suka watse suna cewa gobe sai na uku ko babu ɓara. Goggo ta jawo kwanon awo ta fara zubawa a buhu. Kwano shida ta samu, da ɗan abin da bai rufe gindin na bakwai ba.

Rabi ta dafe ciki ta zauna a ƙasa.

"Ku kwashe ɓawon nan ku kai murhu," in ji Goggo. "Yanzu. Kada ku bar ko ɗaya."

Muka ƙone shi duka, hayaƙi ya cika gidan. Da Baba ya dawo da la'asar, Goggo ta tare shi tun bai ajiye fartanya ba.

"Malam, gyaɗar nan fa ba ta yi ba. Fiye da rabi fanko ce, sai ka fasa ka ga babu komai."

Baba ya dubi buhun, ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya ce ina ɓawon. Ta ce an yi girki da shi, itace ya jiƙe. Ni ina jiran ya daka tsawa, har na fi son ya daka. Sai kawai ya kai hannu ya taɓa kunnensa.

"Ni na zaɓe ta," ya ce a hankali. "Ɗaya bayan ɗaya. To, kunnen ya tafi ke nan." Ya juya wurin Yaya Sani. "Ka yafe mini. Ni na jawo maka."

"Haba Baba," in ji Yaya, "Allah ne ya kawo."

A gabanmu dattijon nan ya nemi gafarar ɗansa kan laifin da muka yi, mu uku muna tsaye, babu wadda ta buɗe baki.

Washegari aka shuka kwano shidan. Ko rabin babbar gona ba su kai ba. Na bi bayan Yaya ina zubawa ina takewa, da irin ya ƙare muka tsaya a tsakiyar gona, ga sauran fili nan a gabanmu jiƙe sharaf, babu abin sa masa. Babu wanda za a roƙa, kowa nasa bai ishe shi ba. Matan unguwa ba su dawo neman kashi na uku ba. In mun haɗu a bakin rijiya sai kowa ta dubi gugarta.

Aka sa ranar tafiyar Yaya, ranar kasuwar Makoda, don a nan zai sami mota. Da safe ya ɗaure kayansa a ɗan buhu, riga biyu da bargo. Babu guzuri, domin babu abin da za a yi shi da shi. Ya yi sallama da Goggo, ya dafa kaina ya ce, "Malama, a riƙe mini amarya da labari." Ya shiga zaure inda Baba yake zaune a kan buzu, ya durƙusa ana yi masa addu'a. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ta ciki.

Rabi tun asuba take shiga ɗaki tana fita. Ta yi sallama da shi a ɗaki, amma da ta ji an shafa addu'a sai ta taho da sauri har bakin zaure, inda ba ta saba takawa ba in Baba yana ciki.

"Dakata," ta ce. "Ga wannan, ka riƙe a hanya."

Ta kama bakin zaninta, akwai ƙulli a jiki. Ashe tun ranar da Baba ya yi maganar Kudu take ajiye masa, kullum 'yar kaɗan, ko da tafiyar za ta tabbata. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ta sa haƙori ta fizga. Gyaɗa ta watse a daɓen zaure, 'yar ƙarama ja, tana gangarawa har kan buzun Baba.

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya ta a tafin hannu, ya matsa ta da babban yatsa. Cikakkiya ce, ɗanya, ko a ranar aka sa ta a ƙasa za ta fito. Ya dubi Rabi. Ya ɗaga kai ya dubi Goggo da ta biyo bayanta. Sannan ya dube ni, kuma a kaina idonsa ya fi daɗewa.

"Ashe lafiyarta lau," ya ce.

Ya durƙusa da kansa ya tsince ta tas, har wadda ta shiga tsagar bango, ya zuba wa Yaya a aljihu. "Ka ci a hanya. Tashi, kada mota ta bar ka."

Yaya Sani ya miƙe ya ɗauki buhunsa. Ya dubi matarsa sau ɗaya ya fita. Muna jin takunsa a cikin taɓo har ya ɓace.

Goggo ta fara cewa, "Malam, ni ce..." Baba ya ɗaga mata hannu.

"Na yi ta mamaki," ya ce, "bana in na doso gida daga gona ban ji waƙa ba ko sau ɗaya, sai muryar yarinya guda." Ya saɓi fartanyarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Dije, ki ƙarasa musu littafin. Babu sauran abin da za su ci."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Amma daga shekarar nan shi kaɗai yake ɓarar iri, a zaure, ƙofa a rufe, ko zai kwana bakwai yana yi. Waƙar ɓara ta mutu a gidanmu.

Ruwan kuwa, kamar da gayya, ya zauna daram har kaka. Ɗan abin da aka shuka ya yi kyan da mutane ke tsayawa kallo, sauran gonar ta cika da ciyawa har ƙugu.

Ni na yi niyyar jefa littafin a murhu da hannuna. Rabi ce ta hana. Kwana uku da tafiyar Yaya ta same ni a bayan rumbu, idonta a kumbure, ta zauna da ƙyar ta ce, "Karanta mini na ukun." Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Malama, ki taimake ni." Na karanta mata, mu biyu, babu sauya murya babu shan ruwa. Goggo ta canka daidai, ƙanin mamacin ne, amma ba ta nan balle ta yi taƙama. A shafi na kusa da ƙarshe direba ya dawo gida da rana tsaka, ya rame, ƙafa duk ƙaya, ya tsaya a ƙofar shagon ɗinki ya yi sallama. Mai ɗinki ta gane muryar tun ba ta ɗaga kai ba.

"Sake mini wajen nan," in ji Rabi.

Na sake.

Yaya Sani ya yi aike sau biyu. Na farko rabin buhun garin rogo ne, shi ya kai mu kaka. Na biyu saƙon baki ne, wai ya ƙara gaba zuwa wani gari inda aka ce aiki ya fi samuwa. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Baba ya tambayi duk wanda ya dawo daga Kudu, har ya gaji ya daina. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu wanda ya ce ya gan shi da rai.

Rabi ta haifi mace. Ta zauna da mu shekara huɗu tana jira. A shekarun nan ba ta taɓa neman wani littafi ba, kuma ba ta taɓa neman farkon wannan ba. In abin ya taso mata sai ta same ni ta ce, "Malama, wajen da ya dawo." In karanta, ta ce sake, in sake, ta tashi ta koma aikinta. Har na haddace shi, amma ba ta yarda in faɗa da ka, sai ta ga takardar a hannuna.

A shekara ta biyar danginta suka kai magana gaban alƙali, aka raba auren, suka zo tafiya da ita. An gama ɗaure kaya, 'yar tana goye a bayanta, ta jawo ni gefe ta ce in ba ta shafin. Na yage shi a hankali na ba ta, ta ninke shi huɗu ta riƙe a hannu. Ba ta iya karatu ba, kuma gidan da za ta babu mai karanta mata.